Yadda ake fentin sojan Watalu da dabarun masu fentin dodanni

Masu fentin ƙananan mutum-mutumi gida biyu ne. Akwai mutanen almara, masu fentin dodanni da matsafa irin na wasan Warhammer da kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar a 1983, da mayaƙan sararin samaniya irin na Warhammer 40,000 da ya biyo baya a 1987. Akwai kuma mutanen tarihi, masu jera sojojin Rum da na Nafoliyon da na Yaƙin Duniya na Biyu a kan tebur. Mutanen almara sun yi nisa a sanin haske da inuwa, domin gasa irin Golden Demon, wadda aka soma a 1987, ta koya musu cewa duk abin da bai fizgi ido daga nesa ba ya faɗi. Mutanen tarihi kuwa gwanayen bincike ne. Za su gaya maka launin wuyan rigar kowace runduna da yadda aka jera maɓallanta, amma da yawansu shafe ɗaya suke yi wa riga, su kwarara ruwan inuwa, wato tsinkakken fenti mai duhu, a kai, shi ke nan. Soja ya fito daidai da littafi, sai dai babu rai.

Gidajen biyu ba su da nisan da ake zato. Tagwayen nan, Alan da Michael Perry, sun yi fiye da shekara 30 suna yi wa Games Workshop sassaƙa kafin su bar shi a 2014, su koma kacokan kan nasu kamfanin na sojojin tarihi, Perry Miniatures. Warlord Games ma tsofaffin ma'aikatan Games Workshop ne suka kafa shi a 2007, kuma duka a birnin Notingam suke. Hannun da ya sassaƙa dodo shi ya sassaƙa soja, don haka dabarar da ta yi aiki a kan wancan za ta yi a kan wannan. Sharaɗin guda ne: haske za ka aro daga mutanen almara, amma launi da irin yadi, tarihi za ka tambaya.

Misalin da za mu bi shi ne ƙaramin sojan ƙasa na Birtaniya, daga runduna ta 44, a yaƙin Watalu na ranar 18 ga Yuni, 1815, inda aka ci Nafoliyon na Faransa da yaƙi a ƙasar Beljiyam ta yau. Girmansa milimita 28, wato duk tsayinsa bai wuce santimita 3 da 'yan kai ba.

Abin da za ka tanada

Buroshi biyu sun isa a fara: ɗaya mai kyau, lamba 1 ko 2, mai tsinin baki, da wani tsoho mai faɗi wanda ba za ka ji ciwon lalacewarsa ba. Sabon shiga kan ruga ya sayi buroshi lamba 000 wai don aikin ƙanana ne. Asarar kuɗi ce. Gashinsa kaɗan ne, ba ya riƙe ruwa, fenti ya bushe kafin ya kai ga soja. Tsinin baki ake nema, ba ƙanƙanta ba. Winsor & Newton Series 7 da Raphael 8404 su ne aka fi yabo, amma na roba mai kyau ma zai kai ka.

Fenti na ruwa ne, akirilik, irin na Vallejo daga Sifaniya, ko Citadel, ko Army Painter. Sai wuƙar sassaƙa mai kaifi, gam na roba, fentin shimfiɗa na fesawa, da banish marar sheƙi.

Abu ɗaya da mutanen almara suka yayata wanda bai kamata ka fara aiki ba tare da shi ba shi ne faranti mai danshi. Ba sai ka saya ba. Samu ƙaramar robar abinci mai murfi, ka shimfiɗa soso siriri ko takardar goge hannu ninki huɗu, ka jiƙa ta sharaf amma kada ruwa ya yi iyo, ka ɗora takardar gashin biredi a kai. A kan wannan takarda za ka riƙa ɗiga fenti. Danshin da ke ratsowa daga ƙasa zai riƙe shi sa'o'i. Wanda ke zaune inda ake zafi ko hunturu mai busar da komai ya fi kowa bukatarsa, don a kan busasshen faranti ɗigon akirilik ba ya minti biyar.

Mataki na farko: san wanda kake fenti

Nan ne bambancin ya fara. Mai fentin dodo shi ke yanke hukunci, in ya ga dama ya yi shi shunayya. Kai ba ka da wannan 'yanci. Kafin ka buɗe kwalba, rubuta launukan a takarda.

Jar riga ce mai gajeren bindi. Wuya da bakin hannu da maɗaurin kafaɗa suna ɗauke da launin runduna: ta 44 rawaya, ta 33 ja, rundunonin da ke da laƙabin sarauta shuɗi. A ƙirji akwai layukan farin zare kewaye da maɓallai na darma. Wando ruwan toka. Fararen ɗamaru biyu sun gitta a ƙirji da farantin tagulla a mahaɗarsu, ɗaya na riƙe da baƙar jakar harsashi a kwankwason dama, ɗaya banati, wato wuƙar da ake maƙalawa a bakin bindiga, a hagu. Jakar guzuri ta lilin ce, fari-fari mai dauɗa. Gorar ruwa ta katako ce, an shafa mata shuɗi mai haske. Jakar baya baƙa. Doguwar hular baƙa ce, samfurin 1812 mai tsayin gaba, da gashin ado fari a sama, ja a ƙasa ga sojojin tsakiyar bataliya, fari zalla ga gurnadiya, wato zaɓaɓɓun ƙarfafan bataliya, kore ga masu saurin tafiya. A kula da hular nan, domin akwatin roba na Perry na zuwa da kawuna iri biyu, tsohon samfuri da sabo, kuma runduna ta 28 an san ta da zuwa Watalu da tsohon. Littattafan tarihin soja na kamfanin Osprey da hotunan rigunan da ke gidajen tarihi za su warware maka sauran.

Sannan ka tambayi kanka halin da mutumin ke ciki a ranar. Bataliya ta biyu ta runduna ta 44 ta gwabza da Faransawa a Katir Bira, kudu da Watalu, ranar 16 ga wata, ta ja da baya ranar 17 cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ta kwana a jiƙe cikin gona. Ba sojan fareti kake fenti ba.

Mataki na biyu: gyaran jiki

Wannan ba ya bukatar dogon bayani, amma ba a tsallake shi. Yanko sassan daga firam ɗin robar da suke zuwa a maƙale, ka kankare layin zubi, wato siririn tudun da mazubi ya bari, da bayan wuƙa, musamman a gefen hula da tsawon bindiga da wajen ƙafa. Dabarun da za mu yi amfani da su suna tona asirin kowane tudu, layin da ka bari zai fito fari tas. In na darma ne ko rezin, wata irin roba mai tauri, wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu don cire maiƙon zubi, kai ma ka wanke hannu bayan ka gama. Manna shi a kan murfin kwalba ko guntun katako don ka samu mariƙi. Daga nan yatsa ba ya sake taɓa shi.

Mataki na uku: hasken rana tsaka

Ga aro na farko, kuma shi ne mafi girma. Maimakon a fesa launi ɗaya a matsayin shimfiɗa, sai a zana haske da inuwa tun kafin a sa launi. A fesa mai duhu ko'ina, a fesa matsakaici daga sama a karkace, kusan digiri 45, sannan a yi ɗan feshin fari daga saman kai sak, inda rana take in ta take tsaka. Kafaɗu da saman hula da gwiwar da ta yi gaba za su yi haske, ƙarƙashin hannu da tsakanin ƙafafu su zauna cikin duhu.

Mutanen almara da baƙin fenti suke farawa, su bi da toka, su rufe da fari. A nan za ka saɓa musu. Jan fenti shara-shara ne, abin da ke ƙasa yana ratsowa. In ka ɗora shi a kan baƙi da toka sai ya mutu, ya koma wani launin hanta. Fara da ruwan ƙasa mai duhu, ka bi da ruwan yashi, ka rufe da fari mai ɗan ruwan madara. Wannan ɗumin zai taimaki riga da fuska da katakon bindiga gaba ɗaya.

Riƙe gwangwanin nesa da soja santimita 20 zuwa 30, ka yi gajerun fesawa kana wucewa, a waje inda iska ke kaɗawa. Kada ka fesa cikin tsananin rana, don fentin kan bushe a iska ya sauka da tsakuwa-tsakuwa. Sanyin safiya ya fi.

In babu gwangwani, buroshi zai yi. Shafa mai duhun da hannu, ya bushe. Ɗauki tsohon buroshin nan, ka tsoma a ruwan yashi, ka goge shi a takarda har ya zama kusan ba ya barin komai, sannan ka riƙa share soja daga sama zuwa ƙasa kawai, kada ka dawo sama. Maimaita da fari, a hankali fiye da na farko. Wannan hanya ta yi tashe a 2022 da sunan slapchop, ko da yake masu zane sun daɗe da sanin shimfiɗa inuwa kafin launi.

Kafin ka wuce, ɗauki hotonsa da waya. Hoton nan taswira ce, za ka koma gare shi idan launi ya rufe komai ka manta inda haske yake.

Mataki na huɗu: jar riga

Nan za mu daɗe, domin a nan ake cin riba, a nan kuma ake zubar da ita.

Jan da ke kwalaben almara an yi shi ne don sulken mayaƙan da ba su taɓa wanzuwa ba. Mai ƙarfi ne, mai ƙuna. Rigar ƙaramin soja a 1815 kuwa ulu ce mai kauri da aka rina da saiwar tsiron mada, rini mai arha da ke ba da ja mai sirkin ƙasa, irin launin jan bulo, kuma rana da ruwa na cin sa da wuri. Hafsoshi su ke ɗinka nasu da kuɗinsu, da yadi mai laushi da aka rina da koshinil, wani ƙwaro da ake samu a jikin kaktus a Meziko, mai ba da ja garau. Sai a shekarun 1870 aka bai wa ƙananan sojoji ja mai haske. Ke nan in ka yi wa dukan bataliya ja ɗaya, ka yi kuskuren tarihi, ka kuma yi asarar wata dama, don hafsa mai ja garau a tsakiyar sojoji masu jan bulo shi ido zai fara kamawa.

Ga yadda za ka yi. Haɗa Flat Red na Vallejo kashi biyu da Cavalry Brown kashi ɗaya, ka tsinka da ruwa. Gwajin tsinki shi ne ka ja layi a kan farcen babban yatsanka: in ya rufe farcen gaba ɗaya ya yi kauri, in ya tattaru ya zama ɗigo-ɗigo ya yi ruwa, in ya kwanta sumul kana hango farcen ta ciki, ya yi. Shafa sau biyu ko uku, kana bari kowanne ya bushe. Shimfiɗar da ka yi za ta riƙa lekowa, kafaɗa ta fi haske, hammata ta fi duhu, ba ka yi komai ba tukuna.

Mai son sauri na iya amfani da fentin Contrast da Citadel ta fitar a 2019, ko Speedpaint na Army Painter. An haɗa su ne yadda launin zai gudu ya taru a kwari ya bar tudu da haske. Jan Contrast mai suna Blood Angels Red shi kaɗai ya yi wa ulu ƙarfi, ka karya shi da ɗigon ruwan ƙasa mai suna Gore-grunta Fur. A kula da bayan riga da sauran wurare masu faɗi, can yake taruwa ya bar tabo. In ka ga ya yi kududdufi, tsotse shi da busasshen buroshi nan take, kada ka jira.

Sai inuwa. Kada ka yi ta da baƙi. Sa ɗigon kore mai duhu ko shuɗi a cikin janka, zai ba ka duhu mai zurfi wanda bai yi datti ba. Tsinka shi sosai, kamar ruwan shayi marar madara, ka taɓa buroshin a takarda ya rage ruwa, ka ja daga wuri mai haske zuwa cikin lungu. Inda ka ɗaga buroshi nan launi ya fi zama, don haka kullum ka ƙare jan a wuri mafi duhu. Wannan lulluɓi shi ne sirrin laushin da ake gani a aikin gasa. Dubi gwiwar hannun da ke riƙe da bindiga: akwai ninki uku ko huɗu da suka taso daga lanƙwasar. Cikin kowane ninki lulluɓi biyu, ƙasan hannun gaba ɗaya lulluɓi uku, sai siririn layi a gefen ɗamara inda ta danne yadi. Wannan layin kaɗai ya isa ya sa ɗamarar ta tashi daga jikin riga.

Haske kuma ba a yin sa da fari, sai riga ta koma ruwan hoda. Ƙara ruwan lemo kaɗan, daga baya launin fata ko ruwan yashi. Saman kafaɗa, tudun ninki, saman hannu.

Yanzu ga dabarar da za ka bari a gidan almara, ko ka rage ta ƙwarai: hasken gefe. Salon da Games Workshop ta shahara da shi shi ne a bi kowane gefe na sulke da siririn layi mai haske, a ƙara wani a kusurwa. Yana da kyau a kan ƙarfe, domin gefen ƙarfe na kama haske. Ulu ba ya yi, shanye haske yake. In ka bi bakin riga da ninkin wando da irin wannan layi, sojanka zai fito kamar an ƙera kayansa a maƙera, garin neman gira a rasa ido. Abin da ya dace da yadi shi ne ɗige-ɗige: da tsinin buroshi da fenti tsinkakke, ka riƙa dangwala ƙananan ɗigo a inda haske yake, suna raguwa zuwa inuwa. Daga nesa ba a ganin ɗigon, kaushin yadi ake gani. Hasken gefe ka ajiye shi don bakin hula, murfin jakar harsashi da gindin bindiga.

Rawayan wuya da bakin hannu: shimfiɗa ruwan madara tukuna, sannan rawaya a kai, inuwa da ruwan goro. Rawaya a kan ja kai tsaye wahalar banza ce.

Wanda ya zaɓi sojan Faransa maimakon wannan, hanya ɗaya ce, rinin ne ya bambanta. Shuɗin rigarsu na baba ne, rinin da ake yi a karofin Ƙofar Mata a Kano, mai duhu har ya kusa baƙi, ba shuɗin sama da ake gani a wasu akwatuna ba. Ƙarancinsa ma ya sa a 1806 aka gwada fararen riguna a wasu rundunoni, aka watsar a 1807. Haskaka shi da toka, ba da shuɗi mai walƙiya ba.

Mataki na biyar: farare da baƙaƙe

Soja ɗaya na ɗauke da fari iri uku, kuma aikinka shi ne kada su zama ɗaya. Ɗamarun fata ne da ake gogewa da farar ƙasa, farinsu mai sanyi ne: fara da toka mai haske, ka hau zuwa fari, farin zalla a saman ƙirji kawai. Jakar guzuri lilin ce: fara da ruwan yashi, ka tsaya a ruwan madara. Zaren ƙirji ulu ne, yana tsakanin biyun. Wajen jan layukan zaren, kwantar da buroshin ka yi amfani da gefensa a kan tudun da mai sassaƙa ya bari, ka dafa gwiwoyin hannunka a tebur, tafukan hannu biyu suna taɓa juna. In ka kauce, gyara da ja, ba abin tashin hankali ba ne. Zaren yawancin rundunoni na da siraran layuka masu launi a cikinsa, amma a milimita 28 ba mai ganinsu, bar su.

Baƙi ma haka. Hula ta gashi ce da aka danne, ba ta sheƙi, haskaka ta da toka mai ɗumi a faɗaɗe. Jakar harsashi fata ce da aka goge, ba ta ɗan layin haske mai sirkin shuɗi a gefe. Da yawa sun rufe hulunansu da rigar ruwa ta yadi mai mai, wadda ke da ɗan ƙyalli. Wando kuwa toka mai ɗan ruwan ƙasa, lulluɓi biyu a inuwa, ka wuce, laka za ta rufe rabinsa.

Mataki na shida: fuska

Faɗin fuskar bai kai ƙwayar wake ba, amma nan ido ke sauka. Mutanen almara sun kawo wata dabara daga masu zanen hoto: fuska ba launi ɗaya ba ce. Goshi na da sirkin rawaya, kumatu da hanci da kunne sirkin ja, haɓa sirkin shuɗi ko toka. Shafa launin fata, ka sa ruwan inuwa mai ja-ja a ramin ido da gefen hanci da ƙarƙashin leɓe, ka dawo da haske a karan hanci da saman kumatu da haɓa. Sai lulluɓi ɗaya na ja a kumatu, ɗaya na shuɗi-toka a muƙamuƙi. Na biyun shi ne gemun kwana uku na mutumin da bai samu aska ba tun Katir Bira.

Ido fa? Shawarata kada ka sa fari. Mutumin da ke tsaye nesa da kai har ya koma tsayin santimita 3, ba ka ganin farin idonsa. Layi mai duhu ya wadatar, kuma ya fi idon da ya zazzaro.

Ga wani abu da tarihi zai ba ka kyauta. Harsashin lokacin ƙunshin takarda ne da albarushi a ciki, da haƙori soja ke yage shi kafin ya ɗura. Bayan an jima ana wuta, baki da haɓa da yatsu duk sun yi baƙi. Lulluɓi ɗaya siriri na baƙi-toka a gefen dama na baki ya faɗi wannan labarin.

Mataki na bakwai: ƙarfe

A gasar almara ana ji da zanen ƙarfe ba tare da fentin ƙarfe ba, wato a yi amfani da toka da fari da baƙi a zana ƙyalli da hannu. A hoto abin sha'awa ne. A kan tebur kuwa, da ka juya soja ƙyallin ya tsaya inda aka zana shi, kuma a kan bakin bindiga mai kaurin allura wahalar ba ta biyan kuɗin sabulu. Ni dai ina ganin a bar shi ga manyan mutum-mutumi na milimita 54 ko 75 da za a ajiye a kabad, irin sulken ƙirji na mahayan Faransa.

Abin da za ka ɗauka shi ne tunanin da ke cikinsa. Sa fentin ƙarfe na gaske, amma ka yi masa inuwa da haske yadda masu wancan salo ke yi: duhu sosai dab da haske sosai. Bindigar sojan nan, samfurin Indiya na Brown Bess, bakinta gogagge ne fari, ba a rina shi ba. Fara da ƙarfe mai duhu, lulluɓin Nuln Oil, baƙin ruwan inuwa na Citadel, a ƙasa, siririn layin azurfa a sama. Banati haka, da ɗigon azurfa a tsini. Tagullar hula da ta ɗamara: inuwa da Agrax Earthshade, mai ruwan ƙasa, ɗigon haske a kusurwar sama. In ɗan runduna ta 95 ne mai koren kaya, bakin bindigarsa ta Baker rinanne ne ruwan ƙasa, kada ka sa masa azurfa.

Akwai kuma dabarar zana hasken da ke fitowa daga wani abu a jikin mutum-mutumin, kamar takobin tsafi mai walƙiya. A Watalu da rana aka yi yaƙi, ba inda za ta shiga. Ajiye ta sai ranar da za ka yi sojoji zaune a bakin wuta daren 17 ga wata.

Mataki na takwas: laka

Masu salon almara mai duhu da ƙazanta sun aro wankin fentin mai daga masu haɗa ƙananan tankokin yaƙi na roba, ga shi yanzu ya dawo gida. Fesa banish mai ɗan sheƙi ya bushe. Tsinka fentin mai na masu zane, ruwan ƙasa mai duhu, da wayit sifirit, ruwan tsinka fentin mai, ka shafa daga gwiwa zuwa ƙasa da cikin lunguna. Bayan minti 15 zuwa 20, goge tudu da auduga mai tsinke. Amfaninsa shi ne mai ba ya saurin bushewa, abin da bai yi maka ba sai ka share. Buɗe taga, kuma ka ba shi kwana guda kafin mataki na gaba.

Masu wancan salon har fuska suke dulmuyawa. Kai ka tsaya a inda laka ke kaiwa: takalmi, ƙafar wando, gwiwa, gwiwar hannu, gindin jakar baya da aka ajiye a ƙasa. Jiƙaƙƙiyar laka duhu ce a ƙasa, busasshiya haske ce a sama da ita. Dangwala su da tsohon buroshi.

Gindin da yake tsaye a kai ma tarihi ne. Filin Watalu gonaki ne na hatsin rai da alkama da suka yi tsayi, dawakai da mutane suka tattake su cikin taɓo. Ba duwatsu, ba ƙoƙon kai irin na almara. Yashi mai laushi da gam na katako, fenti ruwan ƙasa mai duhu, sai gashin tsohon buroshi ko zaren igiya da ka rina kore mai rawaya, ka kwantar da yawancinsu a ƙasa. Launin lakar gindi da ta wando su zama ɗaya.

Rufe da banish marar sheƙi, shafe biyu sirara. Kada ka fesa ranar da iska ke da laima, yakan bushe da farin hazo a kan aikin. In ya kashe maka ƙarfe, mayar da ɗigon azurfa a banati.

In bataliya ce ba mutum ɗaya ba

Duk abin da ya gabata aikin soja ɗaya ne, amma a wasannin yaƙi na kan tebur irin Black Powder bataliya kan kai mutum 24, kuma ba bataliya ɗaya ake fita da ita ba. Wanda ya ce zai yi wa kowanne lulluɓi goma zai tsufa bai ga teburin wasa ba. Raba su shida-shida, ka yi launi ɗaya a kan duka shidan kafin ka canza, na farko ya bushe kafin ka gama na ƙarshe. Kowa ya samu hasken rana tsaka, launi shara-shara, haske ɗaya a riga, fararen ɗamaru masu tsabta da fuska. Cikakken aikin ka ajiye wa hafsa, mai tuta, mai ganga da sahun gaba. Riƙa ɗan sauya haɗin jan daga rukuni zuwa rukuni, wannan ya ɗara ƙasa-ƙasa, wancan ya ɗara koɗewa, domin rinin mada bai taɓa fitowa iri ɗaya ba.

In ka gama rukuni, ajiye shi a tebur ka ja da baya mita ɗaya, sannan ka ɗauki hoto ka mayar da shi baƙi da fari. Jan bulo da tokar wando sukan yi duhu ɗaya, sai riga da wando su narke cikin juna a hoton. In haka ta faru, ƙara haske a kafaɗu, ka ƙara duhu a saman wando ƙarƙashin bakin riga, ka sake ɗauka.